Yadda Mai Gidan Burodi Zai Gane Ko Ana Gasa a Kasuwar Fulawa, da Abin da Zai Yi Idan Babu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon dilan fulawa a Kasuwar Bacci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna ranar da farashin buhu ya tashi, ya san amsar da ake bayarwa tun kafin a gama tambaya: "Wallahi Alhaji ba daga wajenmu ba ne, kamfani ne ya ƙara." Shi kuma kamfani, idan aka tambaye shi, sai ya nuna dala da farashin alkama a kasuwar duniya. Sau da yawa wannan amsa gaskiya ce, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, kuma da dala ake biya. Sai dai ba kullum take zama gaskiyar duka ba, kuma mai gidan burodin da bai iya bambance ƙarin da tsadar kaya ta jawo da ƙarin da rashin gasa ya ba da damarsa ba, zai yi ta biya yana ƙunƙuni ba tare da sanin inda zai kai kukansa ba. Na daɗe ina riƙe wa kawuna littafin lissafin gidan burodinsa a Tudun Wada, kuma abin da ke biye shi ne hanyar da muke bi wajen yin wannan bambancewa.

Fara da sanin mai buhun

Kuskuren farko da masu saye ke yi shi ne ƙirga sunayen da ke jikin buhuna a matsayin adadin masu gasa. Dila zai iya jera maka fulawa kala biyar a rumbunsa, alhali idan ka bi diddigi ka tarar aljihu biyu ko uku ne kuɗin ke shiga. Saboda haka aikin farko shi ne ka juya buhun, ka karanta sunan kamfanin da ya niƙa da garin da injin yake, sannan ka nemi sanin wanda ya mallaki wannan kamfani a yau, domin masana'antar ta sauya hannu sosai a 'yan shekarun nan.

Kamfanin Flour Mills of Nigeria, mai tambarin Golden Penny, an kafa shi a 1960 kuma babban injinsa yana Apapa a Legas. Shi ne ke da rinjayen hannun jari a Northern Nigeria Flour Mills da ke Kano, kuma a 2022 ya kammala sayen fiye da kashi 70 cikin 100 na Honeywell Flour Mills, wanda a da abokin hamayyarsa ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Olam, kamfanin da hedkwatarsa ke Singafo amma a Najeriya ya fara kasuwanci a 1989. Ya sayi Crown Flour Mill, mai fulawar Mama Gold, a 2010. A 2016 ya sayi harkar fulawa da taliya ta BUA a kan dala miliyan 275. Sannan a 2019 ya sayi Dangote Flour Mills a kan naira biliyan 120. BUA ya dawo harkar bayan wasu shekaru da sababbin injuna, kuma akwai Life Flour Mill a Sapele na kamfanin Seaboard na Amurka. Wanda ya ajiye wannan tarihi a ransa zai fahimci dalilin da ya sa kewaya shaguna uku neman sauƙi ba ya haifar da abin da yake haifarwa a kasuwar masara ko wake, inda masu kaya ba su ƙirguwa.

Ba mugunta ce ta sa kamfanonin suka zama 'yan kaɗan ba, yanayin sana'ar ne. Mai son niƙa alkama yana buƙatar rumbunan ajiya a bakin tashar jiragen ruwa, da jarin sayen jirgi guda mai ɗauke da dubban tan-tan a lokaci ɗaya, da hanyar samun dala, da wutar da ba ta yankewa. Ga kuma manufar gwamnati: a 2012, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ke tallata burodin rogo, an kai harajin shigo da niƙaƙƙiyar fulawa kashi 100 cikin 100, ita kuwa tsabar alkama aka bar nata a kashi 20. Wannan ya kare injunan cikin gida da ayyukan da suke samarwa, amma ya kuma toshe ƙofar da fulawar waje za ta bi ta shigo ta ja farashi ƙasa. Inda shiga ke da wuya haka, waɗanda ke ciki suna da ikon da mai shagon kan titi ba shi da shi, wato su riƙe farashi a sama na ɗan lokaci ba tare da wani sabo ya zo ya kwashe musu masu saye ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da hukumomin kula da gasa ke amfani da shi wajen auna yadda kasuwa ta taru a hannun 'yan kaɗan, kuma ana iya gwada shi a unguwa. Ka kewaya dilolin da kake hulɗa da su, ka kiyasta kason kowane kamfani a cikin buhu ɗari da ake sayarwa, ka ninka kowane kaso da kansa, sannan ka tara. A ce, don misali kawai, kamfanoni huɗu ne masu kaso 40 da 35 da 15 da 10: za ka samu 1,600 da 1,225 da 225 da 100, jimla 3,150. Ƙa'idar da hukumomin Amurka suka fitar a 2023 ta ɗauki duk abin da ya haura 1,800 a matsayin kasuwar da ta taru ƙwarai. Yanzu a ce ka gano cewa mai kaso 40 da mai kaso 15 gida ɗaya ne. Sai lissafin ya koma 55 sau 55, jimlar ta tashi zuwa 4,350, alhali babu buhu ko ɗaya da ya canja kala a rumbun dila. Wannan adadi ba ya nuna cewa wani ya yi laifi, yana dai gaya maka yawan sa idon da ya kamata ka yi.

Littafi da biro

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wadda ka tara da hannunka. Ka ware littafi guda, duk ranar da ka sayi fulawa ka rubuta kwanan wata, da sunan fulawar, da dilan, da farashin buhu mai kilo 50, da kuɗin dako zuwa ƙofar gidan burodi. A gefe kuma ka rubuta canjin dala na ranar, da farashin litar dizal, da farashin alkama a kasuwar duniya, wanda ake samu kyauta a intanet. Farashin da ake bugawa daga kasuwar hatsi ta Chicago a Amurka na ma'aunin da suke kira bushel ne, mai nauyin kilo 27.2, don haka sai ka ninka shi da 36.74 ka samu farashin tan ɗaya.

Daga nan sai lissafin niƙa. Tan ɗaya na alkama yana ba da kimanin kilo 750 na fulawa, wato buhu 15, ragowar kuma dusa ce da ake sayar wa masu haɗa abincin kaji da na dabbobi. Idan muka ɗauka, nan ma don misali, cewa tan ya iso tashar Legas a kan dala 250 kuma dala tana naira 1,500, kuɗin alkamar ya kama naira 375,000, wanda idan aka raba gida 15 kowane buhu ya ɗauki naira 25,000. A kan wannan ne za a ɗora harajin kwastan, da kuɗin tasha, da wuta, da buhu, da albashi, da ruwan bashin banki, da kuɗin tirelar da za ta hauro da kayan daga bakin teku zuwa Kaduna, sannan a cire abin da dusa ta kawo. Ba a buƙatar ka san kowanne daga cikin waɗannan dalla-dalla. Abin da kake nema shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin alkamar da ke cikin buhu da farashin da ka biya, da yadda wannan tazara ke motsi daga wata zuwa wata. Idan dizal bai tashi ba, haraji bai canja ba, amma tazarar tana ta buɗewa, to akwai tambayar da ta cancanci amsa.

A nan ne ake buƙatar adalci, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna yin gaggawa. Alkamar da ake niƙawa yau an saye ta ne makonni ko watanni da suka wuce, don haka idan farashinta ya faɗi a kasuwar duniya bai kamata ka sa ran ganin sauƙi a Kasuwar Bacci washegari ba. Ka ba shi wata biyu zuwa uku. Haka kuma akwai lokutan da ƙarin yake da dalili bayyananne. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya cilla farashin alkama sama a duniya baki ɗaya, har masu gidajen burodi a Najeriya suka yi yajin aiki a watan Yulin shekarar. A 2023 aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, ta yadda ko da farashin alkama ya sauka a Chicago, mai shigo da ita yana biyan naira fiye da da. Wanda ya zargi kamfani da haɗin baki a kan irin wannan ƙari, hujjarsa ba za ta tsaya ba.

Lokutan da suka fi amfani ga mai littafi su ne waɗanda wani nauyi ya sauka daga kan kamfanonin: dala ta ja baya ta zauna, ko alkama ta yi araha na tsawon watanni, ko gwamnati ta sassauta haraji, kamar sanarwar Yulin 2024 ta dakatar da harajin shigo da alkama da masara da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Inda ake gasa ta gaskiya, wani daga cikin kamfanonin zai rage farashi don ya janye masu sayen ɗan'uwansa, sauran kuma su bi dole. Inda gasar ta yi rauni, farashi yana hawa a kwana ɗaya amma ya shafe watanni yana saukowa, ko ma ya ƙi saukowa. Shafi shida na littafinka sun isa su nuna maka wanne kake ciki.

Alamomin da suka fi kamanceceniyar farashi nauyi

Ganin fulawa uku a kan farashi ɗaya ba hujja ba ce, tunda alkama iri ɗaya suke saye da dala iri ɗaya, kuma doka ba ta hana ƙaramin kamfani ya dubi farashin babba ya bi sahu ba. Abin da ta hana shi ne a zauna a yi yarjejeniya. Saboda haka ka fi mayar da hankali ga abubuwan da ba sa faruwa sai da tsari. Idan sanarwar ƙari ta fito daga kamfanoni daban-daban a rana ɗaya, da adadi ɗaya, kuma a lokaci ɗaya duka suka janye rangwamen da suke ba diloli, wannan abin rubutawa ne. Haka idan dilan Zariya ko na Kasuwar Singa a Kano ya ƙi sayar maka da kuɗinka a hannu, yana cewa an hana shi kai kaya Kaduna. Ko dila ya gaya maka cewa idan aka ga fulawar wani kamfani a rumbunsa za a yanke masa lodi. Ko a ce ba za a ba ka fulawa ba sai ka haɗa da katan-katan na taliya ko semobita da ba ka nema ba. Ko a hana dila sayarwa ƙasa da farashin da aka yanka masa ko da ya yarda ya rage ribarsa.

Kada kuma ka ɗauka cewa matsalar kullum daga sama take. Wata shekara, ana saura kwanaki azumi, muka je wajen wani dila da muka daɗe tare, ya ce kaya sun ƙare. Kawu ya leƙa ta ƙofar rumbun da aka bari a buɗe, ya ga buhuna a jere har kusa da rufi, an lulluɓe su da tamfol. Ya ce, "Alhaji, waɗancan fa?" Dilan ya ce ai an riga an biya kuɗinsu. Bayan kwana huɗu aka sanar da sabon farashi, sai ga buhunan nan da aka ce an biya sun fito kasuwa. Wannan ɓoye kaya ne na dila da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙari, kuma maganinsa daban yake da na kamfani: a nan abin da kake buƙata shi ne dila na biyu.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya nuna cewa irin wannan lura ta ƙananan 'yan kasuwa tana iya yin tasiri. A Disambar 2006 masu rarraba burodi a yankin Cape Town suka kai ƙara cewa manyan kamfanoni sun ƙara farashi tare kuma sun rage musu kamasho tare. Binciken hukumar gasa ta ƙasar ya kai ga cin tarar kamfanin Tiger Brands rand (kuɗin ƙasar) miliyan 98.8 a 2007 da Pioneer Foods kusan rand miliyan 196 a 2010, kuma daga kan burodin ne aka bankaɗo cewa masu niƙa alkama ma sun shafe shekaru suna haɗuwa suna tsayar da farashin fulawa. Wani kamfani daga cikinsu ne ya tona asirin don a yi masa sassauci. Ba ina cewa haka ake yi a nan ba ne. Ina nuna irin shaidar da ta buɗe ƙofar bincike ne, kuma shaida ce da mai saye ke iya gani da idonsa.

Rage ikon da mai sayarwa ke da shi a kanka

Ko babu laifin kowa, wanda ba shi da zaɓi shi ke biyan farashi mafi tsada, don haka sai ka ƙirƙiri zaɓin. Yawancin masu kwaɓi suna manne wa fulawa ɗaya ne saboda hannunsu ya saba da ita, kuma dila ya san haka. Ka sayi buhu ɗaya-ɗaya na fulawar gidaje daban-daban, ba sunaye daban-daban ba, ka kwaɓa kowanne da awon sukari da yis da bota da gishiri iri ɗaya, ka rubuta yawan ruwan da ya sha, da yadda ya tashi, da adadin burodin da ya fitar, da yadda ya kwana. Fulawar da aka niƙa daga alkama mai ƙarfi tana shan ruwa da yawa kuma tana ba da burodi fiye da mai rauni, saboda haka buhun da ya fi tsada da naira dubu ɗaya yana iya zama mafi araha idan aka raba kuɗin a kan burodin da ya fito. Ka kuma riƙa ɗora buhu a sikeli lokaci-lokaci, domin kilo 50 da aka rubuta ba kullum yake cika ba bayan kaya sun bi hannaye da yawa. Ranar da dila ya san cewa mai kwaɓinka ya iya aiki da fulawa biyu, maganar ciniki ta canja.

Sai batun bashi, wanda a ganina shi ne igiyar da ta fi ɗaure ƙananan gidajen burodi. Wanda ke karɓar buhu goma yau ya biya bayan masu shayi da masu shaguna sun kawo kuɗi, ba ya tambayar farashi, kuma ba ya iya juyawa zuwa wani shago. Idan ba za a iya rabuwa da bashin gaba ɗaya ba, a yi ƙoƙari ko da kashi ɗaya cikin uku na sayayya ya zama na kuɗi hannu daga wani dila daban.

Sayayyar haɗin gwiwa ita ce hanya mafi ƙarfi. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600, abin da ya fi ƙarfin gidan burodi guda a Rigasa ko Kawo ko Kakuri, amma bai fi ƙarfin gidaje goma ko goma sha biyar da suka yi rajistar ƙungiyar gama-kai ba. Da irin wannan adadi za ku iya neman farashi a rubuce daga manyan diloli uku, ku bar su su yi gasa a kanku. Ku dai lissafa ajiya kafin ku yi murna: fulawa ba ta son danshi, kuma damshin watan Agusta a Kaduna yana sa ta dunƙule ta yi ƙwari, don haka a ɗora ta a kan katako nesa da bango, a fara amfani da wadda ta riga shigowa, kuma kada a tara fiye da abin da za a cinye cikin 'yan makonni.

A nan akwai tarkon da ya kamata a faɗa wa juna gaskiya a kansa. Haɗuwa don saye tare abu ne daban, haɗuwa don yanka farashin burodi tare kuma abu ne daban. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta haramta yarjejeniyar ƙayyade farashi da raba kasuwa tsakanin masu sana'a ɗaya, kuma ba ta ware shawarar da ƙungiyar 'yan kasuwa ta yanke ba. Ƙungiyar masu burodi da ta zauna ta ce daga Litinin kowa ya sayar a kan kaza, wanda ya saɓa a ci tararsa, ta yi wa mai shayi da magidanci daidai abin da take zargin ana yi mata, kuma ta raunana bakinta ranar da za ta kai ƙara.

Kai ƙara

Dokar nan ce ta kafa Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, tare da kotu ta musamman mai sauraron irin waɗannan shari'o'i. Hukumar ce ke duba haɗewar manyan kamfanoni kafin ta tabbata, ita ce kuma ke binciken haɗin baki da amfani da rinjayen kasuwa ta hanyar da ba ta dace ba, kuma tarar da doka ta tanada tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani na shekarar da ta gabata. Ana iya shigar da ƙorafi ta shafinta na intanet ko a rubuce. Idan kuwa matsalar ta inganci ce ko tauye awo, NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON su ma suna da hurumi.

Takardar da ta ce "fulawa ta yi tsada, a taimaka mana" ba za ta je ko'ina ba, domin tsada kaɗai ba laifi ba ce a dokar. Ka rubuta abin da ya faru, da ranar da ya faru, da wurin, da wanda ya faɗi me. Ka haɗa da kwafin rasit, da hoton sanarwar farashi, da saƙonnin WhatsApp da dila ya turo yana bayyana sharaɗin da aka gindaya masa, da shafukan littafinka masu nuna dala da alkama a gefen farashin buhu. Ka bambance abin da ka gani da abin da aka gaya maka, kuma kada ka ambaci sunan dilan da ya ba ka labari a asirce sai da yardarsa, tunda lodinsa na iya tafiya a kan haka. Idan gidajen burodi ashirin daga Sabon Tasha zuwa Mando suka kawo littattafai masu nuna abu ɗaya a ranaku ɗaya, ku haɗa su a takarda guda, kowa ya sa hannu, ku ajiye kwafi da shaidar ranar da aka karɓa domin bibiya.